MOTA TAKAN YI MAGANA KAFIN TA MUTU

Wannan jawabi ne da wani tsohon makaniki ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci da 'yan ƙungiyar manoma, ranar da ƙungiyar ta karɓi motar da ta saya da kuɗin karo-karo. Mun buga shi don amfanin sauran ƙauyuka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Ranka ya daɗe Dagaci. Allah ya gafarta Malam Liman. Malamanmu na yaƙi da jahilci, shugabannin ƙungiya, iyayena maza da mata, ƙannena direbobi da yaran mota, ina yi muku barka da wannan rana. Allah ya sa albarka a cikin wannan mota. Allah ya tsare ta, ya tsare masu shigarta.

An ce in yi magana a kan yadda za ku kula da ita. Ni ba malami ba ne. Aikina kwanciya a ƙarƙashin mota. Amma abin da idona ya gani zan faɗa muku, ba ƙari.

ABIN DA NA GANI A WANI DARE

Shekarun baya, cikin watan Agusta, ruwa ya yi nisa, aka buga mini ƙofa da tsakar dare. Daga wani ƙauye aka zo. Wata mata ce take naƙuda tun la'asar. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti. Mutanen ƙauyen suna da motar ƙungiya irin wannan taku. Aka sa matar a ciki, aka kama hanya. Ba su yi rabin tafiya ba, mota ta mutu a tsakiyar daji.

Aka kai ni wurin a kan babur. Na buɗe murfin inji, na haska tocila. Sai na ga fambel ya tsinke. Ruwan lagireto ya tafasa, ya ƙafe. Inji ya ƙone.

Na tambaya, aka ce fambel ɗin ya yi mako uku yana kuka, kowa yana ji. Direba ya ce ya faɗa wa ma'aji. Ma'aji ya ce ba wanda ya faɗa masa. A daren ma, jar fitila ta kama a gaban direba, allurar zafi ta hau. Ya gani, amma bai san abin da suke nufi ba. Ya ci gaba da taka totur.

A amalanken shanu aka ƙarasa da matar zuwa bakin titi. Gari ya waye kafin su isa asibiti. Allah ya tsare uwar, amma jaririn bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, ba mai ja da wannan. Sai dai har yau abin yana damuna, don kuɗin fambel ɗin nan bai kai na zakara biyu ba.

Jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Mota ba ta mutuwa haka kawai. Takan yi magana tukuna. Tana magana da kuka, da hayaƙi, da wari, da ɗigon mai a ƙasa. Wata maganar kuma a rubuce take, da haruffa da lambobi. Ku da kuka shiga aji kuka koyi karatu, yanzu kuna iya jin maganarta.

WACE IRIN MOTA CE WANNAN?

Motarku akori-kura ce mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu. Yawancin motoci tayoyi biyu ne kawai suke ja, sauran biyun suna bi. Dattawa sun san akori-kura Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Ita tayoyin baya ne kaɗai suke tura ta. Amma akwai motocin da aka ƙera don daji. An fara yin Land Rover a Ingila a 1948, kuma manoma na cikin waɗanda aka yi ta dominsu. An fara yin Toyota Hilux a Japan a 1968. Irin waɗannan, idan an sa musu giyar daji, tayoyi huɗu duk sukan ja.

Wannan ya sa mutane suke cewa ba sa jin wahala. Ba haka ba ne. Ko jaki mai ƙarfi, in ba a ba shi ruwa da harawa ba, zai kwanta. Motar daji ta fi ta birni bukatar kulawa, don ƙura da yashi da laka da ruwa take sha kullum.

MINTI GOMA NA SAFE

Direba, kafin ka sa mabuɗi, ka ba motarka minti goma. Ka duba abu biyar.

Na ɗaya, baƙin mai. Mota ta tsaya a wuri mai daidai, inji a kashe. Ka zaro ƙarfen awon mai, ka goge shi da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinsa. Mai ya kasance tsakaninsu. In ya yi ƙasa, ka ƙara. Kada ka wuce alamar sama. In ka ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa. Kada ka tayar da ita. Kira makaniki.

Na biyu, ruwan lagireto. Da safe ake dubawa, inji yana sanyi. In da hali, ku sayi ruwan lagireto na kanti mai launi, don yana hana tsatsa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana toshe lagireto a hankali. Ruwan kududdufi kuwa laka ne kawai za ku zuba masa.

Na uku, fambel. Inji a kashe, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya lotsa kaɗan, kamar santimita 1, wato misalin faɗin ɗan yatsa. In ya yi sako-sako, a ɗaure. In ya tsattsage, a canja. Ku ajiye sabo ɗaya a cikin mota kullum.

Na huɗu, tayoyi. Ka zagaya su duka, har da ta ajiya. Ka duba iska, ka duba ƙaya da kumburi. Ka taɓa notocin taya da sifana. Hanyar gargada tana kwance su.

Na biyar, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mota. Me ya ɗiga a ƙasa cikin dare? Baƙi mai kauri, man inji ne. Mai kauri mai wari sosai, man giya ne. In kuwa ka ga jiƙa a cikin gefen taya, wataƙila man birki ne. Ka shiga ka taka birki. In ya tafi har ƙasa, motar nan ba ta fita yau, ko wa ya ce.

KU KARANTA GABAN MOTA

A gaban direba akwai allurai da fitilu. Ga fassararsu.

Allurar da ke da harafin E da F ta mai ce. E na nufin tanki ya kusa ƙarewa. F na nufin ya cika.

Allurar da ke da harafin C da H ta zafin inji ce. C sanyi ne, H zafi ne. Wurin zamanta tsakiya. In ta doshi H, ka tsaya.

Jar fitila mai kama da butar shayi ta baƙin mai ce. In ta kama kana cikin tafiya, ka kauce ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari. Inji ba mai, cikin 'yan mintoci yake lalacewa.

Jar fitila mai kama da akwati ta batir ce. In ta kama, batir ba ya samun caji. Abu na farko da za ka duba shi ne fambel. Ita ce ta kama a daren da na ba ku labari.

Akwai fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya. Wannan ta injin gas ce. Da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, ka murɗa mabuɗi rabi, ka jira ta mutu, sannan ka tayar.

A wasu Hilux masu shan gas akwai fitilar da aka rubuta T-BELT. Tana tuna maka cewa wani bel na cikin inji ya kai lokacin canji. In ya tsinke, ɓarnar tana da yawa. In ta kama, a kai gareji.

Ko taya ma tana da rubutu. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara ce. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Wasu masu ƙera taya sun ce a riƙa bincikarta sosai bayan shekara 5, kuma kada a yi aiki da wadda ta kai shekara 10. Mai sayar da tsohuwar taya ba zai faɗa maka ba. Kai za ka karanta da kanka.

ƘURA DA GURƁATACCEN MAI

Abokan gaban inji a ƙasarmu biyu ne: ƙura da mai marar kyau.

Inji yana numfashi kamar mutum. Yana da matatar iska da ke tare ƙura. Da rani, ku buɗe ta kowane mako. Ku ciro ta, ku bubbuga a hankali. In za a hura mata iska, daga ciki zuwa waje ake hurawa. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. In ta yage, a canja. Kada ku yarda wani ya ce a cire ta gaba ɗaya don mota ta ƙara ƙarfi. Ƙurar da za ta shiga za ta cinye cikin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Baƙin mai kuma, a hanyar ƙura irin tamu, ku juye shi duk bayan kilomita 5,000, tare da matatarsa. Ku sayi mai na cikin galan a rufe. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba ka san me aka haɗa shi da shi ba.

Haka gas. Ku saya a wurin da kuka amince da shi. In daga jarka za a zuba, a tace da tsumma mai tsabta. A gindin matatar gas akwai ɗan famfo. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka a can yake taruwa. Ku riƙa buɗewa kaɗan, ruwan ya fita, ku rufe. Ruwa yana lalata famfon gas da nozul, kuma gyaransu na da tsada ƙwarai.

Kada ku bari tanki ya ƙare ƙaf. Injin gas in ya shaƙi iska, ba zai tashi ba ko an zuba mai. Sai an fitar da iskar. A motoci da yawa akwai famfon hannu a kan matatar gas. Ka yi ta dannawa har ya yi tauri, sannan ka tayar.

IDAN TA ƘI TASHI

Kada ka fara kwance-kwance. Ka saurara tukuna. Ka fara da abu mai sauƙi.

In ka murɗa mabuɗi ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas kawai, ka kunna fitilun gaba. In sun yi dishi-dishi, laifin batir ne ko kan batir. Sau da yawa farin gari ne ya taru a kan batir, ko waya ta kwance. Ka cire, ka kankare, ka ɗaure tamau. Wajen cirewa, ka fara da mai alamar ragewa. Wajen mayarwa, shi ne na ƙarshe. Kada ka kusanci batir da taba ko ashana. Yana fitar da iska mai kama wuta. In batir mai murfi ne kuma ruwansa ya yi ƙasa, ruwan batir na kanti ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

In inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir lafiya lau yake. Ka nemi laifi wajen mai. Akwai mai a tanki? Iska ta shiga? Matata ta toshe? In motar fetur ce, ka duba fulogi da wayoyinsa, ko sun jiƙe.

Kada ka riƙe mabuɗi fiye da daƙiƙa 10. Ka ƙirga ɗaya zuwa goma, ka saki, ka huta kaɗan. In ka matsa, za ka kashe batir, ka ƙona abin tayar da inji. Matsala ɗaya ta zama uku.

In fitila ko hon ya daina aiki, ka duba fis. Kowane fis yana da lamba a kansa, kamar 10 ko 15 ko 20. Mai lamba iri ɗaya ake mayarwa. Masu naɗa waya ko takardar taba a madadin fis, su ne motarsu ke kama wuta.

HAYAƘI KALA UKU

Yaron mota, wannan aikinka ne, don kai ne a baya. Ka riƙa kallon salansa.

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A fara duba matatar iska. In tana da kyau, a duba nozul.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi: inji yana ƙona baƙin mai. Alamar tsufa ce. A riƙa auna mai kullum, a fara tara kuɗin gyara.

Farin hayaƙi: in da sanyin safiya ne kuma ya ɗauke, ba kome. In ya ƙi ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, to ruwa yana shiga inji. A kai gareji tun kafin abin ya girma.

Kuma kada a bar inji yana aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe. Hayaƙinsa yana kisa, mutum bai sani ba.

IDAN TA YI ZAFI

Allura ta doshi H. Me za ka yi? Ka kauce, ka kashe inji, ka ɗaga murfinsa ya sha iska. Sai ka jira, aƙalla rabin awa.

Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ruwan ciki a matse yake, ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi. Zai yi tsalle ya sale maka fuska. Na ga yara da yawa da wannan tabo. Kuma kada ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi. Ku mata kun san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta an zuba mata ruwan randa. Haka kan inji yake tsagewa.

In ya huce, ka sa tsumma ka buɗe a hankali. Ka nemi dalili. Fambel ne? Robar ruwa ce ta fashe? Ko laka da ƙaiƙayi ne suka toshe fuskar lagireto? Wannan na ƙarshe ya fi yawa da kaka, in mota tana shiga gonaki. A lokacin kuma ku riƙa cire busasshiyar ciyawa da ke naɗewa a jikin salansa, don tana iya kama wuta.

GIYAR DAJI

Kusa da babbar giya akwai ƙarama. A sababbin motoci maɓalli ne. A jikinta an rubuta 2H da 4H da 4L, ko H2 da H4 da L4. Duk ɗaya ne.

2H, tayoyi biyu ke ja. Ita ce ta kwalta da busasshiyar hanya.

4H, tayoyi huɗu ke ja. Ita ce ta yashi da santsi.

4L, tayoyi huɗu ke ja, da ƙarfi sosai amma a hankali. Ita ce ta laka mai zurfi da hawan tudu da kaya. Sai ka tsaya cak kafin ka sa ta.

A wasu motoci akwai abin murɗawa a tsakiyar tayoyin gaba. An rubuta FREE da LOCK. In yana kan FREE, tayoyin gaba ba za su ja ba ko ka sa giyar daji. Ka sauka ka mayar da duka biyun kan LOCK tun kafin ka shiga laka, ba bayan ka maƙale ba.

Da ka hau kwalta, ka koma 2H. A irin motarku, tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta tana murɗe farfela, tana cinye taya, tana shan mai.

YASHI DA LAKA DA RAFI

A yashi mai zurfi, direbobin hamada sukan rage iskar taya, ta sauko wajen lamba 20 a ma'auni. Taya takan baje, ta daina nutsewa. Amma sai kana da famfon iska, don dole ka mayar da iskar da zarar ka fita. Gudu da taya mai ƙarancin iska yana fasa ta.

In ka maƙale, ɗaga ƙafa daga totur. Duk juyin da taya ta yi, rami take haƙa wa kanta. A sauke mutane da kaya. A haƙe gaban tayoyi da shebur. A shimfiɗa kara ko rassan itace. In wata mota za ta ja ku, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka. Kowa ya matsa nesa, musamman yara. Igiya in ta tsinke tana iya kashe mutum.

Rafi kuwa, a nan nake roƙonku ku ji tsoron Allah. Kada direba ya shiga ruwan da bai auna ba. In ruwan a kwance yake, a shiga da ƙafa da sanda, a ji zurfi, a ji ƙasan. Tsohuwar Land Rover Defender, duk da sunanta, masu ƙera ta santimita 50 suka yarda ta shiga. Wato misalin gwiwar babban mutum. In ruwa yana gudu da ƙarfi, kada mutum ya shiga, kada mota ta shiga. Ku jira ya janye. Gara a kwana a bakin rafi da a kwana ana neman gawa.

In za ka ƙetare, ka sa 4L, ka tafi a hankali ba tsayawa, ba canja giya. In inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayarwa. Wataƙila ya sha ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka ƙarfen cikin inji ne zai lanƙwashe. A jawo ta waje, a kira makaniki.

Bayan ka fita, ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan har ya bushe. In an dawo gida, a wanke lakar ƙarƙashi. A sa giris a gaɓoɓin farfela. A duba man giya na gaba da na baya. In ya yi fari, ruwa ya shiga, a juye.

LODI DA BIRKI DA JAK

Irin wannan akori-kura kayan da aka yi ta ta ɗauka misalin tan 1 ne. Wato buhu 10 na masara mai kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana cikin lissafin. In kun ɗora buhu 20, da mutane a kai, za ta tafi. Amma sifirin zai karye, taya za ta fashe, birki ba zai riƙe ba. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya da ba a dawo ba.

Man birki shi kaɗai ake zubawa a birki. A murfin an rubuta irinsa, DOT 3 ko DOT 4. Ku karanta, ku sayi irinsa. Masu zuba ruwan sabulu suna wasa da rayukan mutane.

In za a ɗaga mota, a sa dutse a gaba da bayan taya. A sa katako a ƙarƙashin jak in ƙasa tana da laushi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

LITTAFIN MOTA

Yanzu na zo kan babban abin da ya kawo ni. Ku sayi littafi na 'yan makaranta, da biro, ku ajiye a cikin mota. Ku ja layi huɗu. Na ɗaya, kwanan wata. Na biyu, lambar kilomita da ke gaban direba. Na uku, abin da aka yi ko abin da aka ji. Na huɗu, kuɗin da aka kashe.

An juye mai, a rubuta. An sayi gas, a rubuta. Direba ya ji kuka, ya rubuta, ma'aji ya sa hannu cewa ya gani. In an juye mai a kilomita 182,000, kowane ɗalibin ajin nan zai iya lissafa cewa juyi na gaba a 187,000 ne. Da mutanen ƙauyen can suna da wannan littafi, da ba a tsaya musu tsakanin direba da ma'aji ba.

Ku zaɓi mutum biyu daga ajin nan, namiji da mace, su riƙa karanta littafin a gaban ƙungiya kowane wata. Iyayena mata, kada ku ce wannan harkar maza ce. Kuɗinku na ciki. Kuma ran da dare ya yi, ku da 'ya'yanku za a ɗauka.

Ku buɗe asusun gyara. Duk abin da mota ta samo, a ware wani kaso, kada a taɓa shi don biki ko rance. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri da na kayan gyara ya hau. Ƙungiyar da ba ta yi ajiya ba, ran da inji ya lalace, motarta ta zama ɗakin kaji.

Direba ɗaya za ku ba, mai lasin, mai natsuwa. Mota mai direbobi da yawa ba ta da mai ita. Kuma ku sa doka: kowace yamma, kafin a ajiye ta, tanki ya kai aƙalla rabi. Tocila da shebur da igiya da jak da jarkar ruwa da sabon fambel suna ciki. Kowa ya san inda mabuɗi yake kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranka ya daɗe, jama'a, iyakar abin da ke bakina ke nan. In na yi kuskure, ku gafarce ni. Yanzu direba da yaronsa da duk mai so su biyo ni wajen mota. Zan nuna muku ƙarfen awon mai da fambel da famfon gas, kowa ya taɓa da hannunsa. Ɗalibai ku zo da littattafanku, za mu karanta lambar taya tare.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba mu damina mai albarka.